An yi tafiya da birkin hannu bai gama sauka ba, yanzu birkin bas ya canza hali

Mai Hayis ya rubuta:

Assalamu alaikum. Masana mota, a taimaka da shawara. Bas ce Toyota Hiace, wadda muke kira Homa, mai fetur, giyar hannu, ba ta da ABS, na’urar da ke hana taya kullewa in an taka birki. Jiya direba ya tashi da ita cike da lodi, ashe birkin hannu bai gama sauka ba. Ya yi tafiyar da za ta kai kilomita 15 a kan kwalta, yana gudun 70 zuwa 80. Ya ce ya ji motar ta yi nauyi, amma ya ɗauka lodi ne. Sai da ƙauri ya cika ta, fasinjojin baya suka ce hayaƙi na fita ta wajen taya, sannan ya nemi tsayawa. Da ya taka birki fedal ya kusa taɓa ƙasa, sai da ya buga sau uku kafin ya kama.

Da ta huce kamar awa ɗaya birkin ya dawo, aka ƙaraso gida a hankali. Amma ga abin da nake gani yau. Fedal ya fi da zurfi, kuma da laushi. Birkin hannu sai an ja shi har ƙarshe, duk da haka ba ya riƙe ta a gangara. In aka taka birki ana cikin gudu, akan ji yana ɗan harbin ƙafa. Jar fitilar birki a dashbod takan kama ta ɗauke idan aka sha kwana.

Wani ya ce tunda birki ya dawo shi ke nan, a ɗaure wayar birkin hannu kawai. Wani ya ce masta ce ta mutu, wato famfon da fedal ke dannawa ya tura man birki. Daga ina zan fara, kuma me ya zama dole in saya?

Bakaniken Birki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Motar nan kada ta ɗauki fasinja sai an buɗe ƙafafun baya duka biyu. Kada a taɓa waya tukuna, kuma kada ka sayi masta.

Birkin hannun Hiace ba shi da nasa kayan daban. Shu ɗin da ke cikin durom na baya (kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya), ƙarafan nan biyu masu siffar jinjirin wata da lainin ke manne a bayansu, su ne dai birkin ƙafa ke turawa da mai, su ne kuma birkin hannu ke ja da waya. To sun yi kilomita 15 suna goga a jikin durom ba hutu, a cikin rufaffen wuri da iska ba ta shiga sosai. Duk abin da ke cikin wurin ya sha wuta: lainin, sifirin, silindar taya mai tura shu da robobinta, man da ke cikinta, bakin waya, da sil ɗin aksil da ke bayansu, robar da ke hana man aksil fita.

Kafin a kwance komai, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Inji a kashe, ka buga fedal sau biyar har ya yi tauri, sai ka danne shi da ƙarfi matsakaici ka riƙe tsawon sakan 30. In yana sulalewa ƙasa a hankali, ko dai mai na yoyo a wani wuri, ko robar masta ta saki. In ya tsaya cak a inda yake, masta lafiyarta ƙalau, ka manta da ita. Daga nan ka kunna inji, ka ja birkin hannu har ƙarshe, ka sake takawa. In fedal ya taso sama ya yi tauri, zurfin nan daga tazarar da ke tsakanin shu da durom yake, wato lainin ya cinye. In ya taso amma har yanzu yana lotsewa kamar ka taka soso, akwai iska a cikin mai. Yadda ka bayyana, na fi zaton za ka samu duka biyun.

Wajen buɗewa a kula da abu ɗaya da yara ke mantawa a gareji. Hiace da tayoyin baya take ja. Da zarar an ɗaga baya, giya ba ta riƙe ta, birkin hannu ma ba ya riƙe ta. Sai an tokare tayoyin gaba ta gaba da ta baya, a kan ƙasa mai tauri, a sa sitan ko katako mai kauri a ƙarƙashin aksil. Bulo na fashewa ba ya sallama. A saki birkin hannu gaba ɗaya, a kwance noti shida, a cire taya. A fuskar durom akwai ƙananan ramuka biyu masu zare. A sa musu kusoshi M8, irin masu kan sifana 12, a riƙa murɗa wannan kaɗan, wancan kaɗan, durom zai turo kansa waje. In ya fito kaɗan ya cije, kada a ci gaba da murɗawa, shu ne ya kama gaɓar da ta fito a bakin durom, kuma in aka matsa za a tsinke filolin da ke riƙe shi. A cire ’yar robar da ke bayan farantin birki, wanda shu ke zaune a jikinsa, a zura sukudireba biyu, ɗaya ya ɗaga ɗan ƙarfen da ke tsare ajasta (kusa mai haƙora da ke saita tazarar shu), ɗaya ya mayar da haƙoran baya har shu ya saki. Ban da dukan bakin durom da guduma. Kuma muddin durom na waje kada kowa ya taka fedal, fistin zai faɗo, mai ya zube.

Abin da za a duba kuwa, lainin ne farko. Mai lafiya fuskarsa a dushe take, da ɗan kaushi. Wanda ya ƙone yana sheƙi kamar tangaran, domin ƙaron da ke haɗa garinsa ya narke ya taso ya daskare a sama. Irin wannan yana taɓa durom amma ba ya cizo, shi ya sa motar ke zamewa a gangara ko an ja sandar birkin hannu har ƙarshe. A duba tsagewa, a duba gefen ko yana marmashewa in an sa farce, a sa bakin sukudireba a ga ko ya fara ɗagowa daga jikin ƙarfen. Iyakar kaurin da Toyota ta ba da milimita 1 ce, amma motar haya da ta kai 2 a canza kawai.

Sai durom. Launinsa ne zai gaya maka zafin da ya sha. Ƙarfe yakan yi ruwan zuma a wajen digiri 220 zuwa 250, ya koma shuɗi a wajen 300. Tabo-tabon shuɗi wurare ne da suka yi tauri fiye da sauran, lainin na zamewa a kansu. Harbin ƙafar da kake ji kuwa alama ce cikinsa ya daina zama da’ira sosai. A auna faɗin cikin da ma’aunin baniya a wurare uku ko huɗu. Iyakarsa na rubuce a jikinsa, inda aka sa MAX DIA. Durom mai milimita 254 iyakarsa 256 ce. In akwai tsaga da ta kai baki, ko siririya ce kamar gashi, ya tashi daga aiki.

A ƙarshe a ɗaga robar ƙura ta kowane gefen silindar taya. Ciki ya kamata ya zama a bushe. In ka ga danshi, robar ciki ta ƙone, kuma nan man ka ke tafiya. Fitilar da ke kamawa a kwana ke nan: mai ya ragu a tulun man birki, in an sha kwana ya karkata gefe, abin da ke yawo a kansa ya faɗa ya kunna fitila. Tulun yana gefen dashbod, ta wajen ƙofar direba, ka buɗe ka gani yanzu.

A ɗauki hoton kowane gefe da wayar salula kafin a cire sifirin ko ɗaya, kuma a gama gefe ɗaya kafin a kwance ɗayan.

Dattijon Tasha ya amsa:

Oga ya gama magana a kan gareji. Ni ta bakin hanya zan ƙara, don direbobin da ke karantawa.

In haka ta faru, abu biyu ne ke lalata durom fiye da tafiyar kanta. Na farko watsa masa ruwa. Ƙarfen durom zubi ne, in yana da zafi aka kwara masa ruwan leda, gefen da ruwa ya taɓa zai tsuke nan take, sauran na buɗe, sai ya karkace ko ya tsage. Na biyu, direba ya tsaya ya sake jan birkin hannu da ƙarfi don ya sauka ya duba. Durom mai zafi a buɗe yake, shu ya bi shi ya tokare, in ya zo hucewa ya tsuke a kan shu ɗin da ya ƙi matsawa, sai ya koma siffar ƙwai. Ka tambayi direbanka, Alhaji, ko ɗaya daga cikin biyun nan ya faru. Abin da ake yi shi ne a tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, a kashe inji, a sa giya ta ɗaya, yaron mota ya sa dutse, a sauke fasinja su yi nesa da tayar, a bar ta minti 45 zuwa awa ɗaya. Kada a tsaya a kan busasshiyar ciyawa. Kada kuma a sassauta wa taya iska don an ga ta yi tauri, zafi ne, za ta koma.

Sannan ruwan omo da wasu ke zubawa a tulun birki in mai ya ƙare a hanya, a daina. Ruwa na tafasa a digiri 100, yana kuma cin cikin masta da silinda da tsatsa.

Inda na ɗan saɓa da Oga shi ne batun canza lainin. In sheƙin a sama kawai yake, kauri na nan, babu tsaga, babu mai a jiki, ana goge shi da sanfefa mai lamba 80 ko 120 har ya dushe, a goga cikin durom shi ma, a mayar. Ba kowane ƙauri ne ke kai mutum kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ba.

Sandar Homa kuma a jikin dashbod take, murɗawa ake yi a tura ta ciki. Da yawa sukan murɗa su sake ta, ta tsaya saura haƙori biyu ko uku. A koya wa direba ya raka ta da hannu har ta zauna.

Mai Hayis ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. An yi gwajin, fedal bai sulale ba, amma da aka ja birkin hannu ya taso, laushin kuma na nan. Direba ya amsa cewa ya ja sandar da ya tsaya, ruwa dai bai watsa ba.

Mun buɗe. Gefen dama ya fi ƙonewa: lainin baƙi ƙirin, yana sheƙi, da tsaga-tsaga, durom da tabon shuɗi, silindar a jiƙe. Gefen hagu sheƙi kawai, silindar a bushe. Amma a dama, ƙasan farantin akwai wani baƙin maiƙo mai kauri da wari, ban sani ba ko man birki ne. Man da ke tulu ya yi duhu kamar shayi, ya kusa layin ƙasa.

Zan iya canza dama kawai in goge hagu? Man kuma ciko ya isa, ko sai an zubar?

Injiniyan Panteka ya amsa:

Ranka ya daɗe, ciko bai isa ba, kuma man nan shi ne ya fi komai haɗari a cikin abin da ka lissafa, domin shi ne ke ɓoye laifinsa.

Man birki yana shan danshi daga iska, ta murfin tulu da ta jikin robobin tiyo, ko motar na ajiye. Man birki nau’in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205. In ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari, ma’aunin ya sauko zuwa 140. DOT 4 kuma 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. Silindar taya tana zaune ne a saman shu, cikin durom ɗin da ya kai zafin yin shuɗi. Man da ya yi launin shayi ba zai jure wannan ba. Ya tafasa, ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi in an danne shi, ba ya tura fistin. Masta tana da ɗaki biyu, na gaba da na baya. Da na baya ya zama fanko, sai fedal ya yi ta tafiya har ya cinye wannan ɗakin kafin na gaba ya kama. Abin da direba ya ji ke nan. Da mota ta huce tururin ya koma ruwa, fedal ya dawo, kowa ya ce an warke. Amma ruwan na nan a ciki. Ranar da aka sauko doguwar gangara da lodi, irin ta Riyom ko ta hanyar Akwanga, zai sake tafasa a daidai inda ya tafasa jiya. Ga kuma silindar da ke yoyo, wadda ke shaƙar iska duk lokacin da aka saki fedal.

A tanadi lita ɗaya na DOT 3 ko DOT 4, a rufaffiyar roba da ba a taɓa buɗewa ba. Waɗannan biyun suna haɗuwa da juna. DOT 5 daban ne, na silikon ne, kada ya shiga. Kada kuma ko ɗigon man inji, man giya, ko man sitiyari ya taɓa tulun, ko da ta mazurarin da aka yi aiki da shi ne, domin robobin birki kumbura suke yi in sun haɗu da su.

Wannan aikin shi ne na ƙarshe, bayan an ɗaura sabbin kaya, an mayar da durom, an saita shu. A zuƙe tsohon man tulu da sirinji, a cika da sabo. A fara da tayar da ta fi nisa da masta. A mota mai sitiyari a hagu, baya dama ke nan, sai baya hagu, gaba dama, gaba hagu. A sa siririn tiyo mai haske a kan nonon cire iska, irin na ƙarin ruwa ma yana yi, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai a ƙasanta. Mutum ɗaya ya buga fedal sau uku a hankali ya riƙe, na ƙasa ya buɗe nonon kwata da sifana mai zobe, mai ya fita, ya rufe, sannan na sama ya saki. In ya saki kafin a rufe, iska ta koma, an dawo farko. A yi ta maimaitawa har mai ya fito fari tas babu kumfa. Bayan kowane bugu biyar ko shida a leƙa tulu, kada ya sauka ƙasa da layin MIN.

A sa guntun katako a ƙarƙashin fedal don kada ya kai ƙasa. A tsohuwar masta akwai ɓangaren ciki da roba ba ta taɓa zuwa ba, ya yi kaushi da datti. In aka tura ta can sau ashirin, za ta yage, sai a fito daga cire iska da matacciyar masta, a ce dama ita ce.

Tunda motarka ba ta da ABS, leƙa saman aksil ɗin baya. Akwai bawul a jikin shasi mai dogon ƙarfe da ya sauko ya kama aksil. Shi ke rage wa baya ƙarfin birki in mota ba lodi, ya ƙara in ta yi nauyi. Yana da nasa nonon cire iska, shi ake yi a ƙarshe. Yawancin fedal mai laushi da ya ƙi gyaruwa bayan an zagaya tayoyi huɗu, nan iskar ta maƙale. Kada a lanƙwasa ƙarfen, kada a taɓa saitinsa.

Man birki na cin fenti, in ya zuba a wanke da ruwa nan take. Daga yau kuma a riƙa canza shi duk shekara 2.

Bakaniken Birki ya sake amsawa:

Alhaji, dama kawai ba zai yiwu ba. Baba Dattijo ya yi gaskiya cewa sheƙin sama na goguwa, amma a motar da gefe ɗaya ya tsage, maganar sanfefa ta wuce. Sabon lainin a dama, gogagge a hagu, cizonsu ba zai zo ɗaya ba, ranar da aka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta baya zai juya. Shu dama saiti ake sayarwa, guda huɗu. Ka sayi sabo da ƙarfensa, ban da wanda aka manna wa lainin a tsohon ƙarfe. Silinda ma biyu, tunda ta hagu zafin da ya kashe ’yar’uwarta ta sha, lokaci kawai take jira. Sai saitin sifirin. Wannan shi mutane ke raina wa. Sifirin da ya sha wuta ya rasa ƙarfin ja, ba ya dawo da shu sosai, sai sabon lainin ya yi ta goga har ya ƙone kamar na jiya ba tare da kowa ya ja birkin hannu ba. Durom kuwa, in aunawa ta nuna da sauran nama, a kai wa mai inji ya share cikin duka biyun su zo kusan faɗi ɗaya. In sharewar za ta kai shi iyaka, a sayi biyu. Durom da ya yi siriri saurin zafi gare shi, saurin buɗewa kuma.

Baƙin maiƙon nan, ɗiga shi a cikin ruwa. Man birki narkewa yake yi ya bi ruwa. Man aksil yana tasowa sama, da wari mai hawa kai. Kauri da warin da ka ambata na man aksil ne, wato sil ya ƙone. Dole a gyara shi kafin a sa sabon shu, in ba haka ba cikin mako biyu zai jiƙe, lainin da ya sha mai kuwa ba ya wankuwa, ko da fetur, ko da ƙona shi da wuta. Ana kwance bututun birki da waya da notuna huɗu na bayan faranti, a zaro shaf. Sil ɗin yana bakin bututun aksil. Tunda shaf ya fito, a juya boris da hannu. In yana ƙara, ko yana cijewa, ko giris ɗinsa ya narke ya fito, a canza. Da injin matsa ake cire shi a sa shi, da sabon zoben da ke riƙe shi, ba da guduma da kurfi ba. A duba ɗan bututun numfashi na saman aksil, in laka ta toshe shi, shi ke turo mai ta sil. A cika man aksil GL-5 har ya zo bakin ramin ciko.

Wajen wanki, ƙurar birki ba a hure ta da iskar kwamfuresa, wasu lainin ɗin har yanzu da asbestos a cikinsu. A fesa maganin wanke birki na gwangwani ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero, a wurare shida da shu ke zama a jikin faranti, da zaren ajasta. Ajastar dama da ta hagu zarensu ba ɗaya ba ne, in aka musanya su, maimakon su matso da shu sai su riƙa janye shi.

Sai batun waya, wadda aka ce ka ɗaure. Me ya sa dama ta fi ƙonewa? Sau da yawa wayar gefen ce ke cijewa. Kafin a haɗa, mutum ɗaya ya ja sanda ya saki, kai kana kallon ɗan hannun da ke jikin shu na baya. Ya kamata ya tafi ya dawo da kansa har ya zauna. In yana dawowa da jan ƙafa, rufin cikin wayar ya narke, a canza ta, mai ba ya gyara wannan.

Saiti kuma bi da bi yake. A sassauta notin waya tukuna har ta yi sako-sako. A saita shu ta ajasta: a buɗe har durom ya fara kamawa, a taka fedal sau biyu su zauna a tsakiya, a mayar baya har taya ta juya da hannu da ɗan shafa kaɗan. Tazarar da ake nema wajen milimita 0.6 ce tsakanin faɗin shu da na durom. Sai an gama wannan a dawo kan waya, a ɗaure har sanda ta kama a adadin ƙas-ƙas ɗin da littafin motar ya faɗa, a saki, a tabbatar tayoyin biyu na juyawa. Wanda ya fara da waya, ya ɗage shu daga mazauninsa ke nan, birki zai yi ta riƙewa, ajasta kuma ta daina aiki. Notin taya kusan 100 Nm, a ɗaure a tsallake-tsallake, a sake bi bayan kilomita 50.

Mai Gyaran Sharon ya amsa:

Sannunku da aiki. Don masu wasu motocin da za su zo karanta wannan, kada a ɗauki tsarin Hiace a ɗora wa kowace bas.

Volkswagen Sharan da Ford Galaxy masu birkin hannu na waya faranti mai juyawa ne a baya, ba durom ba, kuma wayar birkin hannu kalifa take ja kai tsaye, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin farantin. In aka yi tafiya da shi a ɗaure, fad ne ke ƙonewa, faranti ya yi shuɗi, robar ƙurar fistin ta ƙanƙance, man kuma ya fi saurin tafasa don fistin na manne da bayan fad. Fistin ɗin nan ba a matse shi da ƙarfe kamar na gaba. Akwai zare a cikinsa, murɗawa ake yi ana turawa lokaci guda. Wanda ya sa masa ƙarfi ya kashe kalifa. A duba ɗan hannun da ke bayanta, in an saki birki ya koma ya taɓa matsayarsa. Bayan sa fad a buga fedal har ya yi tauri kafin a taɓa birkin hannu.

Mercedes Sprinter da Toyota Sienna masu faranti a baya da birkin ajiyewa na waya kuma wani tsarin ne. Birkin ƙafa na kan faranti, birkin ajiyewa kuma ƙananan shu ne a cikin tsakiyar farantin, da waya kawai suke aiki. Ba a yi su don tsayar da mota mai gudu ba, lainin ɗinsu siriri ne. Kilomita kaɗan sun isa ya ɓare daga ƙarfe, ya yi ta yawo a ciki yana ƙara, wata rana ya cusa kansa ya kulle taya. A irin waɗannan fedal na iya zama lafiya ƙalau alhali ciki ya ragargaje, sai an cire kalifa da faranti ake gani.

Alhaji, kai kuma in an gama haɗawa kada a ba direba ya tafi lodi kai tsaye. A samu hanya marar cunkoso, motar ba kowa, a kai 50 a taka matsakaici a sauko zuwa 15, ba tare da tsayawa cak ba, a yi tafiyar rabin kilomita ta sha iska, a maimaita sau 8 zuwa 10. Kilomita 200 na farko a guji birki mai tsanani in ba dole ba. Daga nan a yi tafiyar kilomita 5 ba tare da yawan taka birki ba, a gangara gefe a tsaya da giya, a kusanta bayan hannu da wilin baya na dama da na hagu ba tare da taɓawa ba. Ɗumi kaɗan, iri ɗaya a gefen biyu, shi ake so. In ɗaya ya fi, a sake ɗaga gefen a rage ajasta haƙori biyu ko uku. Fitilar dashbod ma a gwada ta: a ja sanda haƙori ɗaya tak, ta kama, a tura ta ciki, ta ɗauke. In sai an ja haƙori uku take kamawa, ɗan makunnin da ke gindin sandar ya goce, a saita shi ko a canza.